Sharhi a kan JANE: yadda na nema wa rahoton saran kububuwa mujalla

Wata bakwai rahoton nan yana kwance a kwamfutata. An gama rubutu, Malam, babban likitan da nake koyon aiki a ƙarƙashinsa, ya bi shi da jan biro har sau biyu, hotuna sun kammala, amma inda za a kai shi ya zame mini ƙarfen ƙafa. Abin da ya buɗe mini hanya shi ne JANE, wata manhaja ta kyauta a intanet da ke nuna wa mai rubutun likitanci mujallun da suka saba buga irin abin da ya rubuta. Zuwa yanzu na yi aiki da ita sau uku. Ina son 'yan'uwana likitoci masu neman ƙwarewa su san amfaninta, su kuma san inda ƙarfinta ya tsaya, domin na ga waɗanda suka ɗauki sunan da ya fito a saman jerinta suka tura rubutunsu kai tsaye, suka dawo hannu rabbana.

Sai na fara da majinyacin, don ba za a gane zaɓin mujallar ba sai an san abin da nake ɗauke da shi.

Manomi ne, shekarunsa wajen 45. An turo mana shi daga wani asibitin ƙaramar hukuma a ƙarshen kaka, lokacin yankan dawa. Takardar da ya zo da ita layi uku ce: shanyewar ɓarin jiki, ana zargin hawan jini, a duba. Hannun dama da ƙafar dama sun saki, magana ta sarƙe, sai gyangyaɗi yake yi. Da muka auna jininsa, bai hau yadda za a ɗora masa laifin ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne gurbin da ma'aikaciyar jinya ta soka allurar ƙarin ruwa. Auduga ta jiƙe, aka canza wata, ita ma ta jiƙe. Na ɗaga leɓensa, na ga dasashi yana tsattsafo da jini. Na yaye zanen da aka rufa masa, sai ga ƙafar hagu a kumbure har gwiwa, an yi mata tsaga da aska a idon sawu, an shafe da wani baƙin gari.

Na ce wa yayansa, “Baba, me ya sami ƙafar nan?”

Ya ce, “Ai wannan ya wuce, likita. Igiyar ƙasa ce ta taɓa shi a gona, kwana biyar ke nan, kuma an yi masa magani. Ba ita ta kawo mu ba.”

Ita ce ta kawo su. Na ɗebi jini kamar mililita 2, na zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, na ajiye a bakin taga, na duba agogo. Bayan minti 20 na karkata kwalbar, jinin ya gangaro kamar zoɓo. Haka dafin kububuwa yake yi, wadda wasu ke kira gobe da nisa: yana cinye sinadaran da ke daskarar da jini har su ƙare, yana kuma lalata bangon ƙananan jijiyoyi, sai jini ya riƙa zuba a inda ido ke gani da inda ba ya gani. Muka ba shi maganin dafin maciji, muka sake gwajin bayan awa 6, jini bai daskare ba, muka ƙara, sannan ya kama. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna jini ya taru a gefen hagu. Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa suka ga a jira tunda ya fara farfaɗowa. Bayan mako uku ya fita da ƙafarsa yana dogara sanda.

Ranar da aka sallame shi Malam ya ce mini, “Dakta, wannan ka rubuta shi.” Na ce, “Ranka ya daɗe, ai an san kububuwa tana jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa tun aikin da David Warrell da abokansa suka yi daga Zariya, wanda aka buga a 1977.” Ya ce, “An sani a littafi. Wanda ya rubuto takardar turowar nan fa, ya sani?” Wannan tambayar ce daga baya ta zaɓa mini mujalla, sai dai a lokacin ban gane haka ba.

Abin da na yi a lokacin shi ne na hango wata babbar mujallar cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ta ƙasar waje, na tura. Kwana huɗu amsa ta dawo, ko masu tantancewa ba a kai wa ba. Da na koma na karanta ƙa'idojinsu na marubuta, waɗanda ya kamata in fara da su, sai na ga sun rubuta ƙarara cewa ba sa karɓar rahoton majinyaci guda sai wanda ya zo da abin da ba a taɓa gani ba. Akwai dalili a bayan wannan. Ma'aunin tasirin mujalla da kamfanin Clarivate ke fitarwa duk shekara ana lissafa shi ne da yawan ambaton da maƙalun shekaru biyu da suka wuce suka samu, a raba da yawan maƙalun. Rahoton majinyaci guda kuwa ba a cika ambatonsa ba, don haka kowane ɗaya da mujalla ta buga yana ja mata ma'auni ƙasa. Shi ya sa manyan mujallu da yawa suka rage su ko suka rufe ƙofar gaba ɗaya, aka kuma buɗe wasu mujallun da ba su da aiki sai wannan.

Abin yana yi mini ciwo, domin ilimin likitanci yana da bashi mai yawa a wuyansa na irin wannan rubutu. Cutar sikila da muke fama da ita a kowane asibitin yara, rahoton mutum guda ne ya fara bayyana ta a rubuce, wanda James Herrick ya buga a 1910 a kan wani ɗalibi a Shikago. Zazzaɓin Lassa da ya ɗauki sunan garin Lassa na jihar Borno, daga bayanin abin da ya sami wasu ma'aikatan jinya na mishan a 1969 aka fara saninsa. Cutar ƙanjamau ma, rahoton samari biyar ne a Los Angeles, ranar 5 ga Yuni 1981.

Ana cikin haka sai imel ya fara shigo mini, ban san inda suka samo adireshina ba. Ɗaya daga ciki ya kira ni farfesa, ya ce mujallarsu tana jiran maƙala ɗaya tak ta cike fitowar wata, za a tantance cikin kwana uku, kuma tana da ma'aunin tasiri mai tsoka. Ban ɓoye ba, na kusa turawa, don gajiya ta kama ni kuma lokacin cike takardun ƙarin girma yana matsowa. Wani ma'aikacin laburaren kwalejinmu ne ya tare ni. Ya buɗe shafin mujallar a gabana, ya nuna mini cewa tana buga tiyata da noma da injiniyanci duk a wuri guda, adireshin ofishinta akwatin gidan waya ne, ma'aunin da take taƙama da shi kuwa ba na Clarivate ba ne, wani ne da ba wanda ya san mai shi. Ya ce irin waɗannan su ne Jeffrey Beall, wani ma'aikacin laburare a jami'ar Kolorado, ya riƙa tattara sunayensu har ya sauke jerin nasa a farkon 2017. Sannan ya ce, “Dakta, zo in nuna maka inda ake farawa.” Ya buɗe JANE.

Sunan gajartawa ne na Journal/Author Name Estimator. Martijn Schuemie da Jan Kors ne suka ƙirƙire ta a cibiyar likitanci ta Erasmus da ke Rotadam a ƙasar Holan, suka bayyana yadda take aiki a mujallar Bioinformatics a 2008. Shafin ba shi da ado ko kaɗan. Akwati ne fari guda ɗaya, da maɓallai a ƙasansa. Ba rajista, ba kalmar sirri, ba kuɗi, ba talla. Wannan kaɗai ya isa in yaba mata, domin a wayata na fi buɗe ta, a ɗakin likitocin kwana inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, kuma ba ta taɓa yi mini nauyi ba. Za ka kwafo kan maƙalarka da taƙaitaccen bayaninta ka zuba a akwatin, ka danna Find journals, cikin daƙiƙoƙi jeri ya fito.

Yadda take aiki a ciki ba shi da sarƙaƙiya, kuma sanin sa shi ne rabin iya amfani da ita. Tana shiga PubMed, babban rumbun maƙalun likitanci na intanet, ta nemo maƙalu 50 da kalmominsu suka fi kama da naka, daga cikin waɗanda aka buga a shekaru goman baya. Kowace maƙala tana da makin kamanni. Sai ta tara makin maƙalun da suka fito daga mujalla guda, ta jera mujallun daga mai yawan maki zuwa mai kaɗan. Ke nan ba ta karanta rubutunka ta auna ingancinsa ba, ba ta kuma san ko za a karɓa ba. Abin da take faɗa maka shi ne: masu rubutu irin naka, ga inda suka kai nasu aka buga.

Gwajin farko da muka yi bai yi kyau ba, kuma laifin taƙaitaccen bayanina ne. Na cika shi da maganar ƙwaƙwalwa da hoto da shanyewar jiki, maciji ya zo sau ɗaya a tsakiya. Sai ta jero mini mujallun tiyatar ƙwaƙwalwa, irin ƙofar da aka riga aka rufe mini. Ma'aikacin laburaren ya ce in sake rubuta shi yadda zan gaya wa abokin aiki a baki. Na sa sunan macijin na kimiyya, Echis ocellatus, a jimlar farko, na sa gwajin minti 20, na sa jinkirin zuwa asibiti. Sannan ya nuna mini Show extra options, inda ake zaɓar harshe da nau'in maƙala. Muka zaɓi rahoton majinyaci kaɗai, da Turanci da Faransanci. Jerin ya canza baki ɗaya. Wannan zaɓin nau'in maƙala shi ne abu mafi amfani a shafin ga mai rahoton majinyaci, kuma a ɓoye yake, da yawa ba sa lura da shi.

A jeri na biyu na ga Toxicon, na ga American Journal of Tropical Medicine and Hygiene, da BMJ Case Reports, da Journal of Medical Case Reports, da wasu mujallun Indiya, sannan can ƙasa Pan African Medical Journal da Annals of African Medicine. Fitowar na Indiya ba abin mamaki ba ne, don likitocin Indiya da Siri Lanka sun yi rubutu mai yawa a kan shanyewar jiki bayan saran wani macijin nasu da ake kira Russell. A gefen kowace mujalla akwai ƙananan tambura masu launi da ke nuna ko tana cikin MEDLINE, ko tana PMC, ko kuwa DOAJ, kundin da ke tantance mujallun kyauta, ya amince da ita a matsayin mujallar da ake karantawa kyauta.

Tamburan nan suna buƙatar bayani, domin a nan 'yan damfara ke shigewa. PubMed babban zaure ne na laburaren likitanci na ƙasar Amurka. MEDLINE shi ne ɗakin ciki, inda sai an tantance mujalla kafin ta shiga. PMC kuwa rumbun cikakkun maƙalu ne, kuma maƙala ɗaya tana iya shiga cikinsa don kawai hukumar da ta ba da kuɗin binciken ta wajabta haka, ba tare da an amince da mujallar ba. Sai mujallar ta rubuta a shafinta da manyan baƙaƙe cewa tana PubMed. Masu JANE da kansu sun rubuta gargaɗi a shafin cewa irin waɗannan mujallu suna iya fitowa a jerinsu, shi ya sa suka sa tamburan. Na ji daɗin wannan gaskiyar tasu. Duk da haka ni ba na tsayawa a tambarin. Kowane suna da na ɗauka sai na kai shi NLM Catalog, kundin mujallu na wannan laburaren na Amurka, na ga ko an rubuta cewa har yanzu ana shigar da shi MEDLINE, sannan in bi tambayoyin Think. Check. Submit., wani shafi da ke taimaka wa marubuci gane mujallar gaskiya, waɗanda ba sa cin minti goma.

Abin da ya fi burge ni ma ba jerin mujallun ba ne. A gaban kowace mujalla akwai inda za ka danna ka ga maƙalun da suka sa aka kawo ta. A nan na kwana biyu ina karatu. Na ga yadda wasu suka tsara jadawalin kwanaki tun daga sara har sallama, na ga abin da suka riƙe a matsayin darasi, na kuma gane cewa zubar jinin ba shi ne sabon abu a rahotona ba. Sabon abin shi ne yadda aka turo mutumin da sunan hawan jini, dangi ba su ambaci saran ba don suna ganin an gama da shi, kuma kwalbar gilashi ce ta gano abin kafin na'urar hoto. Na sake rubuta sashen tattaunawa gaba ɗaya a kan wannan. Akwai kuma Find authors, wanda ke kawo sunayen masu rubutu a fagen. Ya yi mini amfani lokacin da aka ce in ba da sunayen waɗanda za su iya tantance rubutun. Da daɗi mutum ya ga sunayen gida a irin wannan jeri, don masu binciken saran maciji na Kano, irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero, da aikin da ake yi a asibitin Kaltungo a jihar Gombe, duniya ta san da su.

Ga mai tsoron a sace masa rubutu kafin a buga, akwai maɓallin Scramble da ke hargitsa jerin kalmomin kafin a aika. Tunda kalmomi take ƙirgawa, ba jimloli ba, hakan ba ya ɓata sakamakon. Ni dai shawarata ita ce kada ka zuba komai a akwatin da zai iya nuna wane ne majinyacin, ko ka hargitsa ko ba ka hargitsa ba.

Yanzu inda ƙarfinta ya tsaya. JANE ba ta san aljihunka ba. Ba ta faɗin ko sisin kwabo na abin da mujalla ke karɓa, kuma ga likitan da ke karɓar albashi da naira wannan ita ce tambaya ta farko. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024, kuɗin buga maƙala guda a wasu mujallun Turai ya zarce albashin watanni. Sai da na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. BMJ Case Reports, wadda aka fara a 2008, tsarinta na zama mamba ne: kai ko asibitinku ku biya kuɗin shekara, sannan ka tura rahotanni. Idan cibiyarku ta biya, ka tsinci dami a kala, don haka ka tambayi laburare kafin ka sa hannu a aljihu. Tamu ba ta cikin tsarin a lokacin. Journal of Medical Case Reports, ta kamfanin BioMed Central tun 2007, kowa yana karanta ta kyauta, marubuci ne ke biya. Manyan kamfanoni sukan yafe wannan kuɗin ga ƙasashen da Bankin Duniya ya sa a rukunin mafi ƙarancin samu. Nijar tana cikin wannan rukuni, Nijeriya kuwa tana rukunin da ke sama da shi, saboda haka abokin aikinmu na Maraɗi ko Damagaram yana iya samun sassaucin da mu sai mun rubuta mun roƙa, kuma roƙon ana yin sa ne lokacin turawa, ba bayan an karɓa ba. Toxicon tana da hanyar da marubuci ba ya biya, amma sai mai karatu ko laburarensa ya biya kafin ya ga cikakken rubutun.

Na biyu, kuma wannan ya fi damuna: abin da ba ya PubMed, JANE ba ta ganinsa. Akwai ɗaruruwan mujallun Afirka a rumbun African Journals Online, da yawa daga ciki na kwalejojin likitanci da asibitocin koyarwa ne, masu editoci na gaskiya da masu tantancewa na gaskiya, amma ba su shiga PubMed ba. A idon JANE babu su. Wanda ya dogara da ita kaɗai zai ɗauka cewa rubutun likitancin Afirka mujallu biyar ne ko shida. A karo na uku da na yi aiki da ita, a kan wata matsala da ta biyo bayan cire beli a wurin wanzami, jerin da ta ba ni bai taimaka sosai ba, don yawancin waɗanda suka rubuta a kan wannan a mujallun gida suka buga. Hannu na sa na bi African Journals Online da kaina.

Na uku, tana kallon baya ne. Mujallar da ta buga rahotanni irin naka shekara takwas da suka wuce tana iya fitowa a sama alhali ta daina karɓarsu bara. Ba ta gaya maka iyakar kalmomi, ko yawan marubutan da aka yarda, ko yawan hotuna, ko tsawon jira. Duk wannan sai a shafin ƙa'idojin marubuta na mujallar, kuma zuwa da kai ya fi saƙo.

Na gwada irin waɗannan manhajoji na kamfanonin Elsevier da Springer Nature don in kwatanta. Sun fi ta kyan gani, sukan kuma kawo bayanin kuɗi da saurin amsa, wanda ita ba ta yi. Sai dai kowace kayan shagonta take nuna maka. JANE ba ta sayar da komai, shi ya sa nake farawa da ita, in ƙarasa da su idan sunan da na zaɓa na gidansu ne.

Da na tace, sunaye uku suka rage a takardata. Na kai wa Malam. Ya duba, ya maimaita tambayarsa ta ranar sallama: wa kake so ya karanta? Masana dafi da ke karanta Toxicon sun riga sun san abin da zan faɗa. Wanda nake nema shi ne likita ko jami'in lafiya da ke shi kaɗai a asibitin karkara lokacin kaka, a Gombe ko Taraba, a arewacin Kamaru ko kudancin Chadi, duk inda kububuwa ke kwance a ƙarƙashin karan dawa, wanda ba shi da laburaren da zai biya masa kuɗin karatu. Na zaɓi Pan African Medical Journal. An kafa ta a 2008, tana buga maƙalu da Turanci da Faransanci, don haka likitocin ɓangarorin biyu suna leƙa ta, ana karanta ta kyauta, kuma ana samun ta a PubMed. Ana biyan kuɗin bugawa, amma mu huɗu da muka rubuta muka haɗa muka iya. A jerin JANE ta zo can ƙasa, ba ta cikin biyar na farko. Abu ɗaya da za a kula: tana da ƙannen mujallu masu kama da sunanta, irin su PAMJ Clinical Medicine, kuma kowace sai ka duba matsayinta daban, musamman in kwamitin ƙarin girma na jami'arku yana tambayar rumbun da mujalla ke ciki.

Zaɓin ya jawo aiki. Suna bin ƙa'idar CARE, wadda aka fitar a 2013 da abubuwa 13 da ake so rahoton majinyaci ya ƙunsa, har da jadawalin lokaci, da ra'ayin majinyacin kansa, da amincewarsa a rubuce. Biyu na ƙarshen ba ni da su. Amincewar baki kawai muka karɓa a gadon asibiti. Sai na jira ranar da zai dawo a duba shi.

Ya zo da yayan nasa, ba sanda wannan karon. Na zaunar da su na karanta musu takardar da Hausa, layi bayan layi. Ya ce, “Likita, su wa za su gani?” Na gaya masa gaskiya: duk mai intanet a ko'ina yake, kuma in ya fita ba a iya janye shi. Ba sunansa, ba fuskarsa, ba sunan garinsu, hoton ƙafa ne da hoton ƙwaƙwalwa. Na kuma ce masa in ya ƙi, ba abin da zai canza a kulawar da ake ba shi. Ya yi shiru yana kallon ƙafar tasa. Can ya ce, “In dai wani zai tsira, a sa.” Na miƙo tawada zan kama hannun hagu, don na dama har lokacin yana ɗan rawa. Ya janye, ya ce da dama zai dangwala. Yayan ya rubuta sunansa da ajami a gurbin shaida.

Da na tambaye shi abin da yake so a rubuta a matsayin nasa bayanin, bai yi maganar ciwo ba. Ya ce kuɗin mota ne ya hana su fitowa ranar farko, kuma mai maganin garinsu ya sha yi wa mutane sun tashi, don haka ba su ga dalilin tafiya ba. Na rubuta haka yadda ya faɗa. Ɗaya daga cikin masu tantancewa ya tsaya a kan wannan sakin layin, ya ce in faɗaɗa shi a tattaunawa, in haɗa da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci tun 2017. Ya kuma nemi in faɗi ainihin nau'in maganin dafin da muka ba da, da yawansa, da lokacin kowane gwaji. Ya yi gaskiya, don ba kowane maganin dafi da ke kasuwa ne ke aiki a kan kububuwarmu ba, musamman wanda aka haɗa don macizan wata nahiyar. Na gyara, aka karɓa.

Ga wanda ya tambaye ni ko ya yi amfani da JANE, amsata e ce, kuma tun kafin ya gama rubutu, don maƙalun da za ta nuna masa za su gyara masa rubutun kansa. Ya ba ta minti talatin, ya gwada taƙaitaccen bayani iri biyu ko uku, ya kunna zaɓin rahoton majinyaci, ya kwafi sunaye goma a takarda. Sauran aikin, na kuɗi da ƙa'idoji da mujallun gida da tambayar wanda zai karanta, yini guda ne a zaune, kuma ba ta yi maka shi.

Da rahoton ya fito na buga kwafi biyu a takarda. Ɗaya na kai wa Malam. Ɗayan na ba direban motar asibitin da ya turo mana mutumin, ranar da ya kawo wani majinyacin, tare da ɗan kwali na kwalaben gilashi guda ashirin. Na rubuta a jikin kwalin cewa gwajin ba ya yiwuwa a kwalbar roba, sai gilashi, busasshe, wanda ba a wanke da sabulu ba, na sa lambar wayar sashenmu a ƙasa.